Dogaro ga Allah Ba Ciniki Ba Ne

Akwai wata magana wadda ba ta fita daga bakin Kiristocin ƙasar Hausa, ko a majami'a, ko a gida, ko a bakin kabari, watau cewa wajibi ne mai bi ya dogara ga Allah da zuciya ɗaya, ya kuma bi duk inda ya bishe shi. Yara sukan haddace ta tun suna makarantar Lahadi, matan zumunta sukan sa ta cikin waƙa, fasto kuwa da wuya ya sauko daga mumbari bai taɓo ta ba. Amma maganar da aka cika faɗa, ita ce kunne kan saba da ita har a daina tambayar abin da take nufi. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce in yi wannan tambaya, in kuma bayyana ra'ayina cewa da yawa daga cikinmu mun mai da dogaro ga Allah wani irin ciniki. Mukan ba da biyayya muna jiran a biya mu nan take, in kuwa biyan ya yi jinkiri sai mu ce ko dai Allah bai yi magana ba tun farko, ko kuwa wani maƙiyi ya tare hanya.

Na san mafi yawan malamaina da 'yan'uwana ɗalibai masu karanta wannan mujalla Musulmi ne, ba kuwa nufina in ja kowa muhawarar addini ba. Zan yi magana ne a matsayina na Kirista a kan abin da ya shafi rayuwar Kirista. Sai dai tun da harshe ɗaya muke addu'a da shi, kuma tarihin da zan kafa hujja da shi a Kano da Zazzau ya faru, ina fata kowa zai sami abin da zai tsinta a ciki.

Abin da Kalmomin Suka Ƙunsa

Tun da yake mu ɗaliban harshe ne, ya kamata mu fara daga kalmomi. Bahaushe in yana nufin mai nuna hanya sai ya ce jagora. Wannan kalma harɗaɗɗiya ce, an gina ta daga ja da kuma gora, watau sandar nan da yaro kan riƙe kanta ɗaya, makaho ya riƙe ɗayan, su ratsa kasuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli makaho da ɗan jagoransa, ya san makahon ba ya ganin inda za a kai shi, don in da yana gani da bai bukaci gora ba. Amma fa ba goye shi ake yi ba, da ƙafarsa yake tafiya. In gora ta ja dama ya yi dama, in ta tsaya ya tsaya, in ta ɗaga ya san akwai tudu ko kwata a gaba, ya ɗaga ƙafa. Da zai zauna a ƙasa ya ce ai ya amince da yaron, da a nan za su kwana. Da kuwa zai ce ba ya takawa sai an kwatanta masa kowane rami da ke tsakaninsa da kasuwa, da dare ya yi musu ba su fita unguwa ba.

Kiristoci masu magana da Hausa kan kira kansu masu bi, aikin Ruhu Mai Tsarki na nuna musu hanya kuma su ce da shi bishewa, abin da ake nema daga gare su kuwa shi ne biyayya. Duka ukun daga 'yar ƙaramar kalmar nan bi suka tsiro. Watau a bakinmu, sunan mutumin, da aikin Allah a kansa, da amsar da zai mayar, duk maganar tafiya ce a bayan wani. Ita kuwa dogara, asalinta jingina nauyin jiki ne a kan wani abu, kamar yadda tsoho kan dogara sanda. Saurayin da ya riƙe sanda don ado, yana tafe da ƙarfin ƙafafunsa, ba a ce ya dogara ba. Ana gane dogaro ne a inda in an zare madogarar, mutum zai faɗi. Har ila yau muna da tawakkali, wadda muka aro daga Larabci, tushenta ɗaya da wakili, watau mutum ya danƙa al'amarinsa a hannun wanda zai tsaya masa.

Saura zuciya ɗaya. A Hausa kishiyarta ita ce zuciya biyu, mai zuciya biyu kuwa shi ne mai raba ƙafa. Ayoyin da aka fi kafa hujja da su a wannan batu suna cikin littafin da fassarar 1932 ta kira Misalai, fassarar 1979 kuma ta kira Karin Magana, sura ta 3, aya ta 5 da ta 6, inda aka gargaɗi mutum kada ya mai da wayonsa madogara. Ba a hana shi yin wayo ba, an dai hana shi ya aza nauyinsa a kai. Mun san masu raba ƙafa a cikinmu, ba sai an nuna da yatsa ba: ranar Lahadi yana kujerar gaba a majami'a, amma akwai laya ɗinke a bakin aljihu, ko ƙulli binne a ƙofar shago, wai ko da za a yi. Wannan tsohuwar cuta ce, kowa kuma ya san ta da sunanta. Wadda ta fi damuna ita ce sabuwar, domin ita a kan mumbari take tsaye, da Littafi Mai Tsarki a hannu.

Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda

A majami'u da yawa akwai lokacin ba da shaida, inda masu bi kan tashi su faɗi abin da Allah ya yi musu. Wannan ya sami aiki, waccan ta haihu bayan shekara goma, wancan ya sami takardar izinin fita waje. Babu laifi a cikin godiya, wanda aka yi wa alheri ya yi shiru ai butulu ne. Amma a lura da wanda ba ya tashi. Ba a jin wani ya miƙe ya ce an nemi ya ba da toshiya ya ƙi, aka ba wani aikin, har yanzu yana zaman kashe wando, kuma yana gode wa Allah da ya hana shi bayarwa. Irin wannan mutum yana nan cikin taron, yana dai jin kunya ne, domin an koya masa cewa biyayyar da ba ta haifi riba ba, akwai aibu a cikinta.

Wannan koyarwa tana da tarihi. Maganar nan ta shuka iri, watau mutum ya ba da baiko da niyyar Allah ya mayar masa ninki ba ninki, mai wa'azin nan na Amurka, Oral Roberts, yana cikin waɗanda suka yayata ta. Ta sami gindin zama a biranen kudancin Nijeriya, ta kuma bunƙasa ƙwarai bayan 1986, sa'ad da gwamnati ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. Daga can ta hauro Arewa, har ta shiga wa'azin da ake yi da Hausa. Ba abin mamaki ba ne mai jin yunwa ya saurari wanda ya yi masa alkawarin tuwo. Sai dai a duba abin da koyarwar ke yi wa gwauruwar da ke zaune a kujerar baya, wadda ta shekara talatin tana bin Ubangiji, ba ta da ko akuya. In wadata ita ce shaidar biyayya, to, talaucinta ya zama shaidar rashin biyayya ke nan. Wannan kuwa shi ne ainihin lissafin abokan Ayuba, waɗanda suka zauna suna neman zunubin da ya jawo masa masifa, a ƙarshen littafin kuma su Allah ya tsauta wa.

Labarin Gimi

Maimakon in yi ta jan zance, bari in kawo labarin wasu Hausawa da suka bi da zuciya ɗaya, mu ga abin da aka biya su.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami mai suna Ibrahim, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani masu magana a kan Annabi Isa ya kai shi ga ba shi wani matsayi da malaman fada ba su yarda da shi ba. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi duwatsun Ningi, wasu suka zauna a ƙauyukan gabashin ƙasar Zazzau, aka riƙa kiransu Isawa. Ya kamata in faɗa a fili cewa waɗannan mutane ba Kiristoci ba ne a lokacin, ba su taɓa ganin majami'a ba, masana tarihi kuma suna da saɓani a kan ainihin abin da Malam Ibrahim ya koyar. Amma labarin da ya gangaro a bakin zuriyarsu shi ne, an bar musu wasiyya su jira waɗanda za su zo musu da cikakken bayanin Isa. Suka yi ta jira fiye da shekara 40.

A cikin wannan tsakani wani likita Bature mai suna Walter Miller, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus, ya shigo ƙasar tare da ayarin Bishop Tugwell cikin 1900. Sun isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba su daɗe ba, suka ja da baya zuwa Girku. Cikin 1905 Miller ya sami zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. A can ne cikin 1913 wasu mutum biyu daga cikin Isawa suka same shi. Bayan an kai an komo, iyalai da dama suka karɓi baftisma, aka nemi fili inda za su zauna wuri ɗaya, aka samu a Gimi cikin ƙasar Zazzau. Suka bar gonakinsu da danginsu da kaburburan iyayensu, suka sari daji, suka kafa gari da majami'a da makaranta. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Yawansu ya haura mutum 100.

To, a nan ne mai wa'azin riba zai so labarin ya juya ga albarka, a ce rumbuna suka cika, garke ya yaɗu. Abin da ya faru shi ne, kurmin da ke bakin rafin wurin matattarar ƙudan tsando ne, tsando kuwa shi ke ɗauke da ƙwayar cutar sammore. Cutar takan fara da zazzaɓi da kaluluwa a bayan wuya, kamar ba wani abu ba, sa'an nan in ta kai ga ƙwaƙwalwa mutum ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, ko da loma a hannunsa, ya rame, hankali ya gushe, ya mutu. Magungunan da suka zo suka yi tasiri a kanta ba su fara yaɗuwa ba sai bayan 1920. Cikin 'yan shekaru kaɗan cutar ta cinye mafi yawan mutanen Gimi, garin ya watse, aka kwashe waɗanda suka saura, musamman yara, zuwa Zariya.

Mai karatu ya sa kansa a matsayin magidancin da ya binne matarsa da 'ya'yansa a wannan wuri. Ya jira abin da kakansa ya jira, ya ga ya zo, ya tashi ya bi, ga kuma inda bin ya kai shi. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san irin fassarar da dangin da ya baro za su yi wa al'amarin, don haka ɗan Adam yake a ko'ina: su ce alhakin barin hanyar iyaye ne. In kuwa muka auna shi da mudun da ake awo da shi a wasu majami'unmu na yau, mu ma hukuncin da za mu yanke masa ke nan, mu ce bangaskiyarsa ce ba ta kai ba, ko akwai la'anar gado da bai karya ba.

Akwai amsar da masu bi kan yi saurin bayarwa a nan, ni kuwa ina ganin tarko ce. Sukan ce, ai dubi abin da ya biyo baya. Cikin 1929 aka tashi mishan daga birnin Zariya zuwa Wusasa, aka gina majami'ar nan ta ƙasa mai tsarin ginin Hausa, da asibiti, da makaranta. Cikin 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Daga zuriyar Isawa aka sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Duk wannan gaskiya ne, abin godiya ne kuma. Amma in muka ce shi ne ya tabbatar da cewa mutanen Gimi sun yi daidai, to, mun koma kasuwa ta ƙofar baya, mun dai ƙara wa'adin bashin ne daga wata ɗaya zuwa shekara 50. Waɗanda suka mutu a Gimi ba su ga Wusasa ba, ba su san za a yi wata jami'a a Samaru ba. A ranar da suka yi biyayya, babu abin da ke hannunsu sai abin da suka gaskata an umarce su. Da a ce ba ɗa ko ɗaya da ya tsira, da biyayyar tasu ba ta ragu da ƙwayar zarra ba.

Haka Littafin kansa ya auna al'amarin. Sura ta 11 ta Ibraniyawa ta jera mutanen bangaskiya, wasu sun ci mulkoki, wasu an jejjefe su, wasu an yanka su da takobi, ba ta kuwa ware kashi na biyu ta ce nasu bai karɓu ba. Ta ma faɗa cewa sun mutu ba su karɓi abin da aka yi musu alkawari ba. Samarin nan uku na littafin Daniyel, sura ta 3, da aka tsayar a bakin tanderu a Babila, sun shaida wa sarki cewa Allahnsu yana da ikon ya cece su, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunkin sujada ba. Mu mukan so wurin da suka fito ba ko ƙaurin hayaƙi a jikinsu, amma a ganina zuciyar labarin tana cikin wannan ƙarin da suka yi tun ba su san yadda za ta kaya ba. Shi kansa Almasihu a gonar Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya miƙa nufinsa ga nufin Uba, ba a kuwa ɗauke ƙoƙon ba. Addinin da alamarsa gicciye ce, ban ga yadda zai yi wa mabiyansa alkawarin cewa biyayya ba ta da ciwo ba.

Wani zai ce, ashe ke nan dogaro shi ne mutum ya naɗe hannu, duk abin da ya zo ya ce haka Allah ya so. Wannan zargi yana da ƙarfi, don kuwa akwai masu bi da ke fakewa da bangaskiya su ƙi kai yaro asibiti, ko su ƙi karatu su kwana addu'a daren jarrabawa. Amma mu koma ga makahonmu: da ƙafarsa yake tafiya. Tashi daga Gimi da aka yi sa'ad da aka ga wurin na cin mutane, ba gazawar bangaskiya ba ce. Wanda ya ce lalle sai ya zauna a bakin kurmin tsando don ya nuna Allah zai kare shi, ya faɗa cikin jarabar da Shaiɗan ya kawo wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro, har ya jawo masa aya daga Zabura. Yesu ya ƙi, ya kira abin gwada Allah. Nehemiya da yake gina garun Urushalima ya yi addu'a, ya kuma sa 'yan gadi dare da rana. Bayan watsewar Gimi ma, cutar sammore ba da kururuwa aka rage ta a ƙasar Zazzau ba. A shekarun 1930 da 1940 aka yi aikin nan na Anchau, aka sassare kurmin bakin rafuka inda tsando ke hayayyafa, aka haƙa rijiyoyi, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A Anchau ɗin kuwa aka haifi Ishaya Audu cikin 1927, ya tashi ya zama likita, bai ga wani saɓani tsakanin allura da addu'a ba. Masu iya magana sun riga sun gama zancen da suka ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

Muryar Wa Ake Bi?

Tambayar da ta fi wuya ita ce, yaya mutum zai san Allah ne ke jan gorar, ba son zuciyarsa ba, ba kuma wani ɗan Adam mai wayo ba? Kalmomin nan huɗu, Ubangiji ya ce mini, sun zama makami a bakin wasu. Saurayi ya tare budurwa bayan sujada ya ce an nuna masa cikin mafarki ita ce matarsa, in ta ƙi ta yi wa Allah tawaye. Shugaba ya ce an umarce shi a tara masa kuɗin mota, wanda ya yi tambaya a ce yana taɓa shafaffen Ubangiji. Wannan ma ba sabon abu ba ne. A zamanin Irmiya an yi wani Hananiya da ya tsaya a Haikali ya ce Allah ya faɗa masa cikin shekara biyu za a karya karkiyar Babila, jama'a kuwa abin da suke son ji ke nan, amma ƙarya ce. Shi ya sa aka umarci masu bi su gwada ruhohi, aka kuma yabi mutanen Biriya domin ko Manzo Bulus da ya yi musu wa'azi, sai da suka koma suka bincika Littattafai su ga ko haka ne. Dogaro da zuciya ɗaya haƙƙin Allah ne shi kaɗai. Fasto, ko ɗan mishan, ko uba, ana girmama su, ana jin shawararsu, amma ba a miƙa musu gorar a rufe ido, don su ma makafi ne irinmu, ana jan su ne. Manzanni da majalisar Yahudawa ta hana su wa'azi, sun amsa cewa biyayya ga Allah ita ce gaba da biyayya ga mutane.

Ban musanta cewa Allah yakan bishe mutum a kan wani al'amari na musamman ba. Ayyukan Manzanni sura ta 16 ta nuna yadda aka tare wa Bulus hanyar Asiya, aka tare masa ta Bitiniya, sai da ya gangara Taruwasa kana aka nuna masa Makidoniya. Abin lura shi ne yana cikin tafiya aka karkata shi, kuma birnin farko da ya yi aiki a can, watau Filibi, bulala da kurkuku ya samu. Ibrahim ma da aka kira shi daga Haran yana da shekara 75, ba a ba shi taswira ba. Amma irin wannan kira jefi-jefi yake zuwa. Kashi mafi girma na nufin Allah ga mai bi an riga an rubuta shi, ba ya bukatar mafarki ko annabi: kada ka yi ƙarya, kada ka ci haƙƙin ma'aikaci, ka gafarta wa wanda ya cuce ka, ka ƙaunaci maƙwabcinka, har maƙiyinka. A nan ne kuwa muke da wayo. Mukan yi azumin kwana uku muna neman a bayyana mana garin da za mu yi bautar ƙasa, alhali umarnin da ke a fili game da ɗan'uwan da muka shekara ba ma gaisawa, mun tsallake shi. Neman abin da ke ɓoye yana da daɗi, domin ba ya cin komai. Bin abin da ke bayyane shi ke da tsada.

Sarki Saul shi ne uban masu irin wannan hali. A sura ta 15 ta littafin Sama'ila na fari an ba shi umarni, ya cika mafi yawansa, ya ware tumaki da shanu masu ƙiba, da aka tambaye shi ya ce ai don hadaya ya ajiye su. Annabi Sama'ila ya nuna masa cewa Allah ya fi son a ji maganarsa da a yanka masa rago. Saul bai ƙi Allah ba, bai bi gunki ba, ya dai zaɓi sashen umarnin da ba zai yi masa asara ba, ya lulluɓe sauran da rigar ibada. Mai ba da baiko mai tsoka daga kuɗin da ya danne na marayu, a gidan Saul ya yi makaranta.

Mu da ke cikin jami'a ba a ce mu sari daji mu kafa gari ba, amma tamu Gimin tana nan daidai ƙarfinmu. Ɗalibi yana zaune a zauren jarrabawa, amsar da ya manta tana kan takardar na kusa da shi, ya san in ya faɗi wannan darasi sai ya ƙara shekara, mahaifinsa kuwa ya sayar da buhunan masara kafin ya biya masa kuɗin bana. Ɗaliba ta kai kundinta, an nuna mata a kaikaice abin da za ta bayar kafin a sa hannu. Wanda ya gama ya je neman aiki, an ce ya rage shekarunsa a takardar rantsuwa, kowa ma haka yake yi. Wani kuma yana zaune ɗaki ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba, rikici ya tashi a gari, 'yan'uwansa suna aiko masa da saƙonni ta waya cewa kada ya yarda da kowa, alhali ya san abin da aka umarce shi game da maƙwabci. Babu ɗayansu da ke bukatar wahayi kafin ya san inda gora ta ja. Ba zan kuma yi musu ƙaryar cewa in sun bi, lalle sakamako zai fito da kyau ba. Mai yiwuwa ne na farkon ya maimaita shekarar, ta biyun ta kai ƙara a yi ta jan ta har zangon karatu ya wuce, na ukun kuwa a ba wani aikin, ya koma gida ya ɗauki fartanya.